Shekarar da manhajata ta ƙi tashi

A cikin tsohon garin Sakkwato aka haife ni, ba nisa da Hubbaren Shehu, a gidan dukawa. Baba baduku ne, haka ma kakanmu. Fatar jar akuya muka buɗe ido muka ga ana yankawa ana ɗinkawa, takalma da gafaka da jakunkunan mata. Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kama sunana ba. "Kai wanga" take ce mini har yau da na ajiye gemu. Hannuna bai faɗa ɗinki ba ko kaɗan. Abin da ya ɗauke mini hankali tun ina firamare shi ne kwance rediyo da tocila, Baba kuwa bai taɓa matsa mini ba. Da ɗinkin nan ya biya mini makaranta har na samu gurbi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, fannin kimiyyar kwamfuta, ya kuma saya mini tsohuwar laftof 'yar gwanjo wadda batirinta ya riga ya mutu, sai an jona take kamawa.

Ina rubuta wannan ne saboda ƙannena masu koyon rubuta manhaja a garuruwa irin namu, inda kwamfuta ɗaya tal mutum ya mallaka, wuta kuma sai an gani.

A 2020 korona ta rufe makarantu, malaman jami'a kuma suna yajin aiki tun daga Maris har Disamba. Ina zaune gida cikin daminar shekarar aka rugo aka ce Baba ya faɗi a shago. Hawan jini ne. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta sarƙe. Mutumin da yake zura zare a allura yana hira bai ko duba ba, ya koma sai an riƙe masa kofi a baki. Ɗan abin da ya tara asibiti ya lashe shi kafin a sallame mu.

Da aka buɗe makaranta a farkon 2021 abokaina suka koma, ni ban koma ba. Ba wanda ya hana ni. Kawu ma ya ce zai kama mini da kuɗin rajista. Amma na zauna na buga lissafi: maganin hawan jini duk wata, mai gashin da ke zuwa gida yana motsa masa hannu da ƙafa, ƙanne a makaranta, ga tukunya ba ta jira. Ranar da na gaya wa Inna ba ta ce uffan ba, ta ci gaba da tankaɗenta. Daga baya ƙanwata ta ce ta ji ta tana kuka a ɗaki. Na riƙa gaya wa kaina cewa na ɗan lokaci ne, in Baba ya miƙe zan koma. Can ƙasan zuciyata na san likita bai yi mana wannan alkawarin ba.

Wani abokina mai rumfar gyaran waya ya ba ni gefen benci. Canjin gilashi, canjin bakin caji, fulashin. Da dare in an kawo wuta sai in buɗe kwamfuta in ci gaba da koyon Go, harshen rubuta manhaja da Google ta fitar. Ba don na hango zai kai ni ko'ina ba, sai don kar in manta na taɓa zama ɗalibi.

Alhajin da labarin nan ya rataya a kansa tsohon mai sayen takalma ne a wurin Baba. Babban ɗan kasuwar albasa ne, yana da sito a ƙauyuka da dama na gabashin jiha. Yana ba manoma taki da iri bashi, in an cire albasa su biya da buhu. Lissafin duk a littafi yake. Wani littafin gara ta ci, wani ruwa ya jiƙa, wani akawun ya bar aiki ya tafi da nasa, kowace kaka sai an yi rigima an kai ga rantsuwa. Ɗansa da ke Kano ya so a yi masa manhajar waya mai aiki da intanet, sai ga shi a Satumbar 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga, bayan Zamfara ta yi haka a farkon watan. Ƙauyukan Alhaji na ciki. Ya zo gaida Baba, hira ta kawo maganar, Inna daga bayan labule ta ce ai wanga ya karanta kwamfuta.

Shawarar da na kawo ita ce Raspberry Pi, 'yar kwamfutar nan da ba ta wuce tafin hannu ba, wadda aka fara fitarwa a Ingila a 2012. Wutar da take ci kaɗan ce, ƙaramin faifan sola da fawa-banki sun ishe ta. Za ta zauna a sito tana watsa wayfai nata na kanta, akawu ya haɗa wayarsa da ita, ya buɗe burauza ya shigar da sunan manomi da buhunan taki da abin da ya biya. Ba ruwanta da data, ba ruwanta da sabis. Alhaji ya ji daɗin maganar, ya ba ni kafin alƙalami mai kauri. A makon aka sayi maganin Baba, aka biya bashin mai gashi da na mai shagon unguwa. Ɗansa ya aiko mini da guda ɗaya, samfurin Pi 3, daga Kano in yi gwaji da ita.

Rubuta manhajar bai ba ni wahala ba. Na yi ta da Go, na sa SQLite, wani ƙaramin rumbun ajiye bayanai, ya riƙe bayanan, tana gudu lafiya lau a kwamfutata. Na kwafi fayil ɗin na zuba a Pi, na kira shi, sai allo ya amsa mini da "Exec format error". Na sake kwafa, ko fayil ɗin ne ya lalace a hanya. Amsar ba ta canza ba.

An koya mana dalilin a aji, na ma rubuta shi a jarrabawa, amma sai ranar ya zauna mini. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba ta san Go ba, ba ta san C ba, wanda shi ma harshen rubuta manhaja ne. Abin da ta sani jerin lambobi ne, kowace lamba umarni: ɗauko wannan, haɗa da wancan, tsallaka can. Aikin manhajar harhaɗawa shi ne ta mayar da abin da ka rubuta zuwa waɗannan lambobin, kuma kowane gidan furosesa da nasa lambobin. Laftof ɗina 'yar gidan x86 ce, zuriyar da ta faro daga Intel 8086 a 1978, wadda AMD ta faɗaɗa zuwa bit 64 a 2003. Pi kuwa 'yar gidan ARM ce, da kamfanin Acorn ya ƙera a Kambirij a 1985, gidan da kusan duk wayar da nake kwancewa a rumfa ta fito. Akwai wani ɗan umarni mai suna file a Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfutata da Pi. Da na nuna masa fayil ɗina, ya rubuta x86-64 ƙarara. Na harhaɗa wa kwamfutata ne, ba wa Pi ba.

Hanya mafi kusa ita ce a harhaɗa a kan Pi ɗin kanta. Na gwada. SQLite da C aka rubuta shi, fayil guda mai layi sama da 200,000, 'yar na'urar ta dinga nishi tana ɗaukar zafi a ɗakin da ko mutum gumi yake. Tana tsaka da rubutu a katin memori aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita katin ya ƙi tashi, sai da na goge komai na sake sauke abin da na riga na ƙona data a kansa. Daga nan na koma ɗaya hanyar: in zauna a kwamfutata mai x86 in fitar da fayil ɗin da ARM za ta gane. Go ya sauƙaƙa wannan tun fitowar 1.5 a 2015, kalmomi kaɗan kake rubutawa kafin umarnin harhaɗawa, GOOS=linux da GOARCH=arm. Amma da yake akwai C a cikin aikina, sai na nemo wa C ɗin nasa mai harhaɗawar, na sauke arm-linux-gnueabihf-gcc daga rumbun Ubuntu, wani nau'in Linux. Na ƙara GOARM=7, domin shi ne daidai da Pi 3 da ke gabana.

Fayil ya fito, Pi ta karɓe shi, sai ta koka cewa ba ta da irin glibc ɗin da yake nema. Wannan laburare ne da kusan kowace manhajar Linux take jingina da shi, kuma wanda ya zo da kayan harhaɗawata ya fi na katin sabunta. Maganin shi ne ka kwaso manyan fayilolin laburare daga katin Pi, ka ajiye su a wani lungu na kwamfutarka, ka gaya wa mai harhaɗawa da zaɓin sysroot cewa nan zai duba, kar ya duba nasa. Na yi haka. Daren da shafin ya buɗe a wayata, na shigar da sunan Baba a matsayin manomin gwaji, na ba shi bashin buhu goma na taki, na je na nuna masa. Ya yi dariya da rabin baki. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin ya faɗi.

Na shirya katunan memori, kowane sito da nasa. Aka ce mini an riga an tura na'urorin ƙauye kai tsaye daga Kano a motar albasa, in je kawai in saka. Inna ba ta so tafiyar ba, hanyar ba ta da daɗi a lokacin, kuma in wani abu ya same ni ba layin da za a kira. "Kai wanga, in ka tahi wa zai ɗaga mini shi?" Na ce kwana ɗaya ne, Kawu zai leƙo. Na bi Alhaji a motarsa, muna wuce shingen jami'an tsaro ɗaya bayan ɗaya, ba mai hira.

A sito na tarar an tara mutane, akawu da manyan manoma har da mai gari, an shimfiɗa tabarmi. Aka miƙo mini kwali. Da na buɗe gabana ya faɗi. Ba Pi 3 ba ce, wasu 'yan sirara ne da ba su kai rabinta ba, Pi Zero W. Shekarar ce aka yi ƙarancin kayan lantarki a duniya, Pi ta yi wuyar samu, ɗan Alhaji ya sayi abin da ya tarar. Na ƙarfafa zuciya na saka kati. Ta tashi, wayfai ya bayyana a wayata, na ɗan saki numfashi. Na buɗe burauza, shafi babu. Na shiga cikin na'urar ta wayata na kira manhajar da hannu. Kalma biyu ta rubuta: "Illegal instruction". Na canza kati, na canza na'ura, duk kanwar ja ce. Na rubuta uname -m, umarnin da ke faɗin irin furosesa, ta amsa armv6l. Wadda ke gida armv7l take amsawa.

Alhaji ya sunkuyo. "Yaro, mi ya hwaru?"

"Alhaji, ku yi haƙuri. Na'urar ba irin wadda anka kawo min gida ba ce."

"Ba duka suna ɗaya anka sa musu ba?"

Me zan ce? Suna ɗaya ne, kamfani ɗaya, har katin ma ya tashi a gaban kowa. Ta yaya zan bayyana wa mai gari cewa 6 da 7 ne suka raba mu? Babu intanet da zan bincika, kwamfutata tana Sakkwato, ko na zo da ita ma babu wutar da za ta kama. Wani dattijo ya ce dama shi littafi ya fi yarda da shi, aka yi dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da kawai na iya yi shi ne na ɗauki hoton allon wayata da na jikin na'urar. Na roƙi a ba ni guda in tafi da ita gida, Alhaji ya ce a mayar da su kwali. A mota bai yi mini magana ba sai da muka shigo gari: "Don darajar ubanka na ba ka aikin ga. In ba ka iyawa, ka maido min kuɗɗina, ba mu yi faɗa ba."

Ban ga laifinsa ba, ko a lokacin. Ya ji kunya a gaban mutanensa, kuma kuɗinsa ne. Amma kuɗin sun riga sun zama magani a cikin jinin Baba.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi nauyi a rayuwata, sun fi ranar da Baba ya faɗi, domin ranar akwai abin yi, a ɗauka, a ruga, a nemo mota. Wannan kuwa zama ne da tunani. Na daina zuwa majalisa. In na hango mota irin ta Alhaji sai in sauya lungu. Abinci ya fita raina. Ina kwana ina juya abu ɗaya: na bar makaranta don in riƙe gida, ga shi na jawo wa gidan bashi da zubar da mutuncin da Baba ya yi shekaru yana tarawa. Abokan karatuna suna saka hotunan aji a WhatsApp, na fita daga zauren ba sallama. Akwai daren da na yi niyyar sayar da kwamfutar in rage bashin, in rungumi gyaran waya har abada, in huta da wahalar da kai.

Inna ce ta hana. "Kuɗɗin mutane ba a kwana da su, wannan gaskiya ne. Amma a sai da akuya, a sai da kayan shago. Wanga abu ubanka ya saya maka, ba ka sai da shi yana raye." Baba yana jin mu. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna ƙusar da makullin shago ke rataye.

Na je shagon in ware abin da zai sayu, ragowar fata da zare da ƙwarya-ƙwaryan kayan aiki. A ƙarƙashin benci na ci karo da tarin kwalaye da na sani tun ina yaro amma ban taɓa kulawa ba. Kowanne an zana sawun ƙafa a kai da biro, an rubuta gari da ajami: Illela, Gwadabawa, Ƙonni. Baba yana ɗinka wa ƙafafun da bai taɓa gani ba, a aiko masa da zane da direba, ya ɗinka a Sakkwato, a sa a Nijar ya zauna daram. Sharaɗinsa ɗaya ne, ba ya yanka fata sai zanen ya iso, ko da mai aiken ya rantse ƙafarsu ɗaya da wane. Harhaɗa wa wata na'ura manhaja irin wannan ɗinkin ne. Zanen da aka ba ni na Pi 3 ne, aka kai takalmin ga wata ƙafar. Amma yanzu ina da zanen gaskiya a wayata, hoton nan mai armv6l.

Na kai wa Alhaji abin da akuya da fata suka kawo, bai kai rabi ba, na roƙi lokaci. Na koma kan kwamfuta da datar dare.

Ga abin da na gano. Pi Zero W ta fito a 2017, bayan Pi 3 ta 2016, amma furosesar da ke cikinta irin ta Pi ta farko ce ta 2012, mai tsarin ARMv6. Sabuwa a kasuwa, tsohuwa a ciki. ARMv7 ya zo da umarnai da ARMv6 bai san su ba, in ta ci karo da ɗaya sai ta tsaya cak, shi ne "Illegal instruction". Katin ya tashi ne saboda masu Raspberry Pi OS sun harhaɗa tsarinsu mai bit 32 gaba ɗaya don ARMv6, domin ya yi aiki a kan tsofaffi da sababbi. Debian da Ubuntu kuwa, wasu nau'o'in Linux, nasu tsarin ARM mai bit 32 da ake kira armhf daga ARMv7 ya fara. Suna ɗaya, armhf, ma'ana biyu. A ganina wannan tarko ne da ya kamata a rubuta da jan biro a saman kowane darasi, amma yawancin masu rubuta darussan suna da na'urorin a kan teburinsu, in abu ya ƙi sai su gyara cikin minti biyar, ba su san akwai wanda zai bi hanya mai shingaye kafin ya gani ba.

Abu na farko da na nema shi ne in ga kuskuren da idona a gida, tunda ba ni da na'urar. QEMU ce ta cece ni, manhajar kwaikwayon furosesa da Fabrice Bellard, wani Bafaranshe, ya fara a 2003. Ana iya gaya mata wace furosesa za ta kwaikwaya. Na ce mata arm1176, irin ta Zero, na ba ta tsohon fayil ɗina. Ta mutu da kalmomin nan biyu da na gani a ƙauye. Ban taɓa murnar ganin kuskure irin ta daren ba. Na mayar da GOARM zuwa 6, na gaya wa gcc ya fitar da armv6. Ta sake mutuwa. Na yi ta dubawa da readelf -A, wanda yake nuna tsarin da aka harhaɗa fayil dominsa, yana ta nuna v7. Ashe mai harhaɗawa yana liƙa wasu ƙananan gutsattsari nasa a cikin kowace manhaja, na farawa da na lissafi, kuma waɗannan an riga an gina su don ARMv7 tun daga rumbun Ubuntu. Duk yadda ka gyara naka, nasa suna nan.

Mafita ita ce in gina mai harhaɗawar kansa daga tushe, wanda komai nasa na ARMv6 ne. Akwai kayan aiki mai suna crosstool-NG da ke yin wannan, amma a tsohuwar kwamfuta irin tawa sa'o'i yake ci, kuma ƙiftawar wuta ɗaya ta isa ta kashe laftof marar batir. Kawu yana da rumfar cajin waya mai janareta. Na roƙe shi, na sayi mai da kuɗin gyaran ranar, na kwana a rumfar ina kallon rubutu yana gudu a allo, ina korar sauro, ina addu'a kar man ya ƙare. Gab da kiran assalatu ya kammala. Na harhaɗa manhajar, readelf ya nuna v6, QEMU ta karɓa, shafin ya buɗe.

Ban ruga wurin Alhaji da albishir ba. Na je na ce a ba ni aron na'ura ɗaya, in gwada a zaurensa, shi da ni kawai, in ta ƙi ba zai sake jin maganar daga bakina ba. Ya aika direba ya ɗauko. Ta tashi. Ya karɓi wayar da kansa ya shigar da sunan wani manomi da suka daɗe suna ja-in-ja, ya ga lissafi ya fito, ya yi shiru. Sannan ya ce, "To, Allah shi yi albarka. Ka gaida Malam." Bai ce komai game da ranar ƙauye ba, ni ma ban tayar ba. Kuɗin da na mayar ya dawo mini da su bayan an saka na'urorin, amma akuyar Inna ta riga ta tafi, fatar Baba ma haka.

Wata matsalar ta ɓullo daga baya da ba ta shafi harhaɗawa ba: Pi Zero ba ta da agogon da ke tafiya in an kashe ta, daga intanet take samun lokaci, ƙauyen kuwa babu. Kwanan watan bashi ya riƙa rikicewa. Na gyara ta yadda manhajar za ta karɓi lokaci daga wayar akawu duk sanda ya shiga.

Baba ya rasu cikin sanyin 2022. Ya ga an biya mai gashi ba tare da an ci bashi ba, ya ga Alhaji ya dawo yana zama a gefen shimfiɗarsa kamar da. Bai ga na koma makaranta ba, kuma har yau ban koma ba. Wannan yana ci mini rai. Duk sanda na bi hanyar Dundaye na ga ɗalibai a motar makaranta sai in ji wani abu ya tokare ni. Ƙanwata ce ta shiga jami'a a madadina, ni nake biya.

Abin da ya ba ni abinci bayan nan shi ne wannan wahalar. Wani ya ji labarin na'urorin Alhaji, ya haɗa ni da wata makarantar Islamiyya da ke son ajiye littattafai a kan rautar wayfai mai OpenWrt, wato Linux na rauta. Can kuma wani gidan furosesa mai suna MIPS na tarar, inda wasu furosesoshin ke jera baitocin lamba daga babba zuwa ƙarami, wasu daga ƙarami zuwa babba, har Go ya raba su biyu, mips da mipsle. Wannan karon tun kafin mu yi ciniki na ce a kawo rautar in gani. Yanzu ina yi wa wani ƙaramin kamfani na Legas aiki daga ɗakina, ina harhaɗa laburaren C na manhajar Android da ke gudu a na'urorin POS da wayoyi. Kowane gyara sai an fitar da shi kashi biyu aƙalla, armeabi-v7a don tsofaffin na'urori masu bit 32 da arm64-v8a don sababbi, wanda Google Play ta wajabta tun Agustan 2019. Abokan aikina da yawa sun fi ni takarda, kuma tun da Apple ta koma ARM da M1 a 2020 suna riƙe da kwamfutoci masu ARM, sabar kamfani kuwa, wato babbar kwamfutar da manhajar ke gudu a kanta, x86 ce. Lokaci-lokaci wani zai turo hoton allo cikin tashin hankali, manhajarsa ta ƙi tashi a saba, "Exec format error". Nakan tambaye shi abin da file ya ce kafin komai.

An daɗe da buɗe layukan waya a ƙauyukan Alhaji. Wasu akawun sun koma turo lissafi ta WhatsApp, wata na'urar zafin bazara ya kashe ta a ƙarƙashin rufin kwano, sauran suna nan suna aiki. Kwanan baya ya aiko cewa ya buɗe sabon sito wajen Kware, ɗansa ya sayo wata Pi daga Kano, wai sabuwar fita ce mai ƙarfi. Na ce a gaya wa Alhaji ina gaisuwa, a ba direba ita ya kawo mini gida tukuna, sannan mu yi maganar kuɗi da ranar tafiya.